Mijin Yaya a Ƙasan Kogi

Duk manomin ranin da ke fadamar gabas da Haɗeja ya san Hussaini mai gyaran injin ban-ruwa. Wanda bai san sunansa ba ya san babur ɗinsa, wani tsoho da ake jin tarinsa tun kafin a hango shi, da akwatin sufanu ɗaure a baya da igiyar roba. Siriri ne, ya ɗan haura arba'in, magana ba ta dame shi ba. Idan ya zauna a bakin gona ya warware inji filla-filla a kan buhu, sai ka ga yana murmushi shi kaɗai, wani lokacin har kafaɗunsa na rawa. Masu gona sun saba. Sukan ce injin ne ke ba shi labari, kuma tunda injin na tashi idan ya gama, ba wanda ya damu ya ji labarin.

Shekararsa kashi biyu ce. Da rani ko abinci a tsaye yake ci: wannan fulogi ya mutu, wancan tiyo ya fashe, ga tattasai na neman ƙonewa. Amma da zarar damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, sai aikinsa ya mutu murus. Wa zai nemi injin jawo ruwa alhali ruwan ya zo da kansa har ƙofar ɗaki yana sallama? A irin wannan lokacin Hussaini yakan hau tudun bayan ƙauyensu, Tsamiyar Fito, ya zauna a gindin wata giginya ya yi ta kallo. Gonakin da ya sani ɗaya bayan ɗaya duk sun ɓace, sai shimfiɗar ruwa har iyakar gani, gajimare na tafiya a cikinta a hankali. Furen bado ya buɗe fari fat a inda ake shuka alkama. Balbelu na sauka a kan kachalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye bakin kogi, ta rusuna musu, su tashi ta miƙe. Can nesa wani masunci kwance rub-da-ciki a kan gorarsa yana tafiya ba motsi, kai ka ce barci yake yi a sararin sama. Tun yana yaro Hussaini yake ji a ransa cewa akwai gari a ƙarƙashin wannan ruwan, mai kasuwa da lunguna, kuma idan mutum ya yi shiru sosai zai jiyo ana daka.

Uwarsu ta rasu yana ɗan mitsitsi, ko fuskarta bai riƙe ba. Yayarsa 'Yar'azumi ce ta goya shi, kuma ranar da aka kai ta gidan miji har da shi aka haɗa a cikin kaya. Mijin, Sunusi, masunci ne, ƙato, mai murya kamar yana magana a cikin tulu. To, kowa ya san tsakanin mijin yaya da ƙanin mata sai wasa. Abin da ba ka isa ka faɗa wa wanka ba kana iya faɗa wa mijin yayarka, ya kawo maka duka ka goce, a yi dariya a tashi. Waɗannan biyun sai suka ɗauki wasan tamkar sana'a. Sunusi na da wani hali: ba a taɓa ba shi labarin da bai riga ya sani ba. Ka ce masa an yi gobara a Malam Madori, ya ce ai ya sani. Ka ce masa ƙarya kake yi, ba a yi ba, ya ce ai wannan ma ya sani. Hussaini ya raɗa masa suna Ai-na-sani tun bai iya ɗaura wando ba, shi kuma ya rama da kiransa makaniken kwaɗi tun ranar da ya fara koyon gyara. Hussaini ya girma, ya yi aure, ya ware gidansa, ya haihu, ba su fasa ba. Amma fa Sunusin ne ya saya masa sufanar farko. Ya kawo ta a naɗe cikin ganye, ya rantse wai a cikin tarwaɗa ya tsince ta.

A shekarar babbar ambaliya, wadda ta kori mutane zuwa kan titi da azuzuwan makarantu, Sunusi ya yi ta fiton jama'a da kwalekwalensa daga ƙauyukan da ruwa ya yi wa ƙawanya. Da safiyar ranarsa ta ƙarshe suka haɗu a bakin ruwa. Ya dubi Hussaini tsaye da wando a naɗe, ya ce masa ya shirya sufanarsa, kwaɗi sun aiko, injinsu ya lalace. Mutane suka kwashe da dariya duk da halin da ake ciki. Hussaini ya buɗe baki, amsa ta ƙi zuwa, kwalekwale ya tafi. A wata dawowa igiyar ruwa ta kifar da shi. Sunusi ya yi ta tura waɗanda ya ɗauko har suka kama rassan wata bishiya, shi kuma kachalla ta riƙe masa ƙafa. Washegari aka same shi. A kan tudu aka binne shi, don maƙabartar ma tana ƙarƙashin ruwa.

Hussaini bai yi kuka ba, har mutane suka yi mamaki. Abin da ke cin sa daban ne, kuma ba irin wanda ake faɗa a zaman makoki ba ne: amsar ta zo masa. Ta zo ne bayan sadakar uku, yana cikin alwala, amsa mai zafi, irin wadda za ta sa Sunusi ya jefe shi da takalmi. Ga amsa, babu wanda zai faɗa wa. Sai ya ɗauki wayarsa ya rubuta ta, kamar mai shirin aika saƙo. Washegari ya rubuta abin da Sunusi zai mayar masa. Daga nan aka fara. Damina ta wuce, wata ta zo, yana nan a gindin giginya yana danna waya da babban yatsansa da baƙin mai ya rine, yana dariya, yana share hanci.

Abin da ya fito littafi ne, ya sa masa suna Garin da Ba a Shanya. Gari ne a ƙasan kogi, inda duk wanda ruwa ya ci yake sauka. Mai mulkin garin wata tsohuwar tarwaɗa ce kurma, gashin bakinta na jan ƙasa. Duk baƙon da ya iso sai ya tsaya a gabanta ya ba da labarin yadda ya nitse. Idan labarin ya sa fadawa dariya a ba shi ɗaki, idan bai sa ba a tura shi tuge saiwar kachalla har abada. Fadawan ba sa son labarin jarumtaka, hamma yake sa su. Sun fi son na wanda ya faɗa ruwa garin ceton hularsa. Ana nan sai ga wani masunci, Malam Ai-na-sani, ya sauko, shi kuma ya ƙi yarda sam cewa ya mutu. Ya ce nutso ya yi, ya ɗan daɗe ne kawai. Aka nuna masa ƙananan kifaye na shiga ta hancinsa suna fita ta kunne, ya ce ai ya sani, shi ya ba su izini. A kan wannan gardamar littafin duka yake tafiya: gari guda na matattu na fama su fahimtar da mutum ɗaya, shi kuma saura kaɗan ya sa su fara shakkar tasu mutuwar.

Ba wanda ya duba masa rubutun. Ya sayar da wani inji da ya harhaɗa daga tarkace, ya hau mota zuwa Kano, ya miƙa wa masu ɗab'i, ya dawo da littattafansa a buhun shinkafa. Wanda ya yi bangon ko layi ɗaya bai karanta ba, shi ya sa a bangon za ka ga wata kyakkyawar mace da jan lalle tana kallon wata, ga ƙatuwar mota a bayanta. A cikin littafin babu irin wannan macen, babu mota, watan ma daga ƙasa ake ganinsa, a karkace.

Malam Hamman, mai rumfar cajin waya da hayar littattafai kusa da kasuwar kifi, shi ya fara karantawa har ƙarshe, kuma Hamman ba ya rufa wa marubuci asiri. Ya ce duk shekarun da ya yi yana ba da haya bai taɓa ganin littafin da mutum zai yi dariya kuma ya yi istigfari a shafi ɗaya ba sai wannan. Ya ce matattun nan maganarsu irin ta mutanenmu ce sak, har da tsohuwar da ta nitse tana cigiyar akuyarta, kuma a can ɗin ma ba ta daina cigiya ba. Ya ce da ya zo inda aka kwatanta yadda hasken rana ke saukowa kore-kore ta tsakanin ganyen bado, da yadda kiran salla ke isowa garin a jiƙe, sai da ya ajiye littafin ya fito waje ya kalli sama. Sannan ya gyara zama ya shiga ɗaya gefen. Mutane sun yi yawa, wasu a shigo da su da sunansu da na ubansu, a manta da su a shafi na gaba. Wani da ya nitse a farko ya sake nitsewa a tsakiya, ba bayani. Kurakuran ɗab'i kuwa sai wanda ya gani. Uwa-uba akwai wani babi mai tsawon tsiya da aka kwashe ana gyaran injin ban-ruwa, daga fulogi har kafireto, ba a bar ko ƙusa ɗaya ba.

"Usaini, tsakaninka da Allah," in ji Hamman, "mutanen da ke zaune a cikin ruwa, me za su yi da injin jawo ruwa?"

Hussaini ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya yi wannan tunanin, amma babin ya yi masa daɗin rubutawa. Ƙarshen kuma, a cewar Hamman, ba ƙarshe ba ne. Littafin tsayawa kawai ya yi, yadda inji ke yi idan mai ya ƙare.

Duk wannan bai hana Hussaini barci ba. Abin da ya hana shi daban ne. Shi a lissafinsa ya ɓoye mutumin, tunda bai rubuta Sunusi ba, alhali Ai-na-sani har kajin Tsamiyar Fito sun san ko wane ne. Samari suka riƙa karanta wa juna a majalisa suna riƙe ciki. Dattawa suka ce wasan mijin yaya da rai ake yin sa, idan mutum ya kwanta dama sai addu'a. Wani ya ce mutumin da ya rasu yana ceton rayuka, shi aka mayar abin dariya, wai kifi na fita ta kunnensa. Maganar ta bi mata masu sarin kifi har ta shiga gidan 'Yar'azumi.

Tun rasuwar mijinta bandar kifi ce ke riƙe da ita, kuma duk ranar kasuwa takan ware karfasa masu kyau ta aika gidan Hussaini. Sai ranar kasuwa ta zo ba aike. Ta sake zagayowa, shiru. Ya je gaishe ta, ta amsa da lafiya lau tana kallon wuta, daga nan ba ta ƙara ba. Hussaini ya tsorata ƙwarai. Ba shi da wata uwa sai ita, kuma ya san halinta sarai: ba ta faɗa, ba ta zagi, amma idan ta cire mutum daga ranta ta cire ke nan. Akwai ƙanwar ubansu da ta saɓa mata, har matar ta koma ga Allah ba su sake haɗa ido ba. Ya yi tunanin ya tattara littattafan ya zuba a kogi, sai ya tuna Hamman ya riga ya ba da haya har Jahun da Miga.

Ana cikin haka ta aiko a kira shi. Ya same ta da la'asar a bayan gida, gaban murhun banda, ta jera tarwaɗa a nannaɗe a kan raga, hayaƙi na tashi shuɗi-shuɗi yana bin dangar zana.

"An ce ka sa shi a takarda," ta ce.

"Yaya, wasa ne irin wanda muka saba…"

"Ban tambaye ka ba. Kowa ya ji sai ni, a bakin mutane nake tsinta. Ka zo da shi ka karanta mini da bakinka. Kar ka tsallake komai, zan gane."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya kife wani tsohon turmi can nesa da ita ya zauna, ya buɗe littafi. Ranar farko muryarsa rawa ta riƙa yi. Bai taɓa jin kalmominsa a fili ba, kuma a kunne kowane aibi ninki biyu yake zama. Ita kuwa juya kifinta kawai take yi, ba dariya, ba tsaki. Duk wanda ya shigo da shi cikin labarin ya manta da shi, ita ba ta manta ba. Sai ta tsayar da shi ta tambayi ina aka baro wane. Da suka zo babin gyaran inji barci ya ɗauke ta a zaune, har sai da ya tashi ya juya mata kifin da kansa. A ransa ya gode wa babin nan, don shi kaɗai ne ya tabbata ba zai ɓata mata rai ba.

A hankali wani abu ya riƙa faruwa a tsakar gidan. Rana idan ta karkata takan ratso ta cikin hayaƙin banda, hasken ya yi kauri, komai ya rage sauri. Kaji na ɗaga ƙafa a hankali suna saukewa. Zanen da aka shanya na lilo ba iska. Hussaini sai ya riƙa jin kamar su biyun sun nitse, suna zaune a wani lungu na garin da ya ƙirƙira, muryoyin maƙwabta na zuwa daga can sama. Bai san lokacin da ya daina karanta maganganun Ai-na-sani da muryarsa ba, ya koma yi da muryar mai su. Da ya iso wurin kifayen da ke fita ta kunne ya rage gudu, yana neman hanyar kewayewa. Ba ta ko ɗago ba ta ce ya ci gaba. Ya karanta. Ta juya masa baya, kafaɗunta suka yi rawa, ta sa bakin zane ta share ido. Dariya ce, kuka ne, bai sani ba, kuma hayaƙin banda ma na sa hawaye. Ya koma gida ran nan ko tuwo bai iya ci ba.

Ranar da suka kai shafin ƙarshe ruwa ya fara janyewa daga fadama, warin laka na shigowa gari, har an fara aiko masa a kan injuna. Ya karanta layin ƙarshe ya rufe littafin. Ta ɗago ta dube shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Ta ce masu cewa ya wulaƙanta mamaci ba su san mamacin ba. Ta ce shi ne, ba ragi, har ɗan tarin da yake yi kafin ya shara ƙarya an sa. Da yana nan, in ji ta, da ya ce shi ya rubuta. Hussaini ya ji wani sanyi ya sauko masa tun daga ka, har ya fara sakin jiki. Ashe ba ta gama ba.

"Amma ka ce ya daɗe a can ƙasa. Ya yi maganar komarsa, ya yi maganar kwalekwalensa, har hularsa ya tambaya. Kai kam ya zage ka ya fi a ƙirga. Ni fa? Shekara da shekaru ina dafa mishi, bai tambayi kowa ko ina lafiya ba?"

Hussaini ya rasa inda zai sa idonsa. Ba mantuwa ya yi ba. Duk sanda ya zo wurin a rubutu sai yatsansa ya tsaya. Ta yaya ƙani zai zauna ya tsara abin da mijin yayarsa ke faɗa a kan yayarsa? Duk zaman da ya yi a gidan nan bai taɓa jin sun yi wa juna magana mai laushi a gabansa ba, kuma wasansa da Sunusi a ƙofar ɗakinta yake tsayawa. Don girmamawa ya bar ta a waje, girmamawar kuma ta haifar da mutumin da ya mutu ya manta da matarsa. Hamman bai ga wannan ramin ba, dattawa ba su gan shi ba, alhali duk littafin babu wanda ya kai shi zurfi. Tausayinta ya kama shi.

"Kunya na ji, Yaya."

"Kunyar ta hana ka sa ni, amma ba ta hana ka sa mishi kifi a kunne ba."

Ya sake buɗe littafin yana ta juya shafuka, ya ce akwai wani wuri da ya tsallake bisa kuskure. Ya kafa wa takarda ido ya fara ƙirƙira: wai Malam Ai-na-sani ya keɓe shi kaɗai yana kallon sama ta cikin ganyen bado, yana cewa ya baro wata mace a can, mai haƙuri, fitilar gidansa, sanyin idonsa. Irin kalmomin littattafan da Hamman ke ba da haya ne, su kaɗai suka zo masa. Bai yi nisa ba ta katse shi.

"Rufe takardar nan, ba a ciki yake ba. Kuma ba haka zai ce ba. Wannan maganar 'yan fim ce."

"To me zai ce?"

Ta ɗauki lokaci tana juya wani kifi da ba ya bukatar juyi.

"Cewa zai yi matar nan yanzu haka ta cika wa kifi wuta. Zai ce a gaya mata ta rage itace, ai ba ita ke saro shi ba."

Hussaini ya ajiye littafin a ƙasa. Ya yi ɗan tarin nan, sannan ya buɗe baki da muryar Sunusi.

"A gaya wa matar nan ta rage itace. Daga nan ƙasa nake jin ƙauri."

Ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu ta zare itace ɗaya daga cikin wutar, ta turmusa bakinsa a ƙasa har ya mutu. 

"Matso kusa, ban ji da kyau ba," ta ce. "Sake faɗa."